Yini ɗaya a kan Midway, jirgin ruwan da ke goyon jiragen yaƙi

Sati biyu ke nan da dawowata Kaduna daga Amurka, kuma duk wanda ya zo mini barka da hanya sai ya sha labarin jirgin ruwan nan kafin ya tashi. Taron aiki ne ya kai ni Los Angeles, amma abin da ya tsaya mini a rai yini ɗaya ne tak da na yi a San Diego.

Shigata ƙasar ba ta yi daɗi ba. A filin jirgin da na fara sauka, wani jami'i ya riƙe fasfona yana juya shi, ya maimaita mini tambaya ɗaya har sau uku, ko ɗaga kai bai yi ya dubi furfurata ba. Da ya gama sai ya turo mini fasfon da ɗan yatsa. Na haɗiye, na wuce.

Ɗan wana da ke karatu a can shi ya matsa. "Baffa, wallahi ba za ka koma gida ba ka ga Midway ba." Muka hau jirgin ƙasa da sassafe, tafiyar kusan awa uku, wani wurin teku na dab da taga ta hannun dama. Daga tasha da ƙafa muka taka zuwa bakin ruwa.

Da na ɗaga kai sai da na yi salati. Tsawonsa ya haura mita 300, kamar a jera filin ƙwallo uku. An ƙaddamar da shi ranar 10 ga Satumba 1945, kwana takwas bayan Japan ta sa hannu kan miƙa wuya, ya yi shekara 47 yana aiki, aka sallame shi a 1992, ya zama gidan tarihi a 2004. Lokacin da yake ganiyarsa mutum kusan 4,500 ke kwana suna tashi a cikinsa. Kuɗin shiga dala talatin da 'yan kai muka biya kowane mutum. Na juya shi zuwa naira a zuci, raina ya sosu, amma da muka fito na yarda kuɗin sun biya. Abin da ban yafe ba shi ne ruwan gora da aka sayar mana dala huɗu. Ruwa! A garinmu baƙo ko bai tambaya ba ana miƙa masa.

Mun fara da ciki. Gadajen ƙananan sojoji hawa uku-uku ne, tsakaninka da na samanka ko zaune ba ka iya yi. Akwai madafa, wurin wanki, asibiti, har ɗakin tsare masu laifi. Ba mu daɗe ba muka hau doron jirgin, inda aka jera jiragen yaƙi a rana.

A nan na haɗu da wani dattijo Bature mai hular rawaya, cikin tsofaffin sojojin da ke zagayawa da baƙi kyauta. Yana tsaye gefen wani jirgi mai ƙaton kai da siririn bindi, kamar talibamban, ga wani lanƙwasasshen bututu ya fito a gaban gilashinsa, wanda da shi yake shan mai yana cikin tafiya a sama. Sunansa A-6 Intruder, ƙirar kamfanin Grumman. Mutum biyu ke zama a ciki kafaɗa da kafaɗa, matuƙi a hagu, mai duba hanya da saita bam a dama. Ba ya kai gudun sauti, amma yana ɗaukar bam na kusan tan takwas, ya bi ƙasa-ƙasa cikin dare ko hadari, lokacin da sauran jirage ke kwance. Dattijon ya ce shekarunsa na samartaka a gyaran irin wannan jirgi suka ƙare, a runduna mai lamba VA-115. Yana magana yana shafa cikin jirgin da tafin hannu, yadda mai doki ke shafa wuyan dokinsa.

Daga bakinsa na ji tarihin rundunar, a tsaye, rana na dukanmu. An kafa ta a Oktoban 1942 da suna VT-11, aikinta harba tofido, bam ɗin da ke ratsa ruwa ya fasa jirgi ta ƙasa. Ta yi yaƙi da Japan daga tsibirin Guadalcanal, daga baya kuma daga kan jirgin ruwan Hornet. A 1948 ta koma VA-115. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, da jirage masu farfela samfurin Skyraider ta shiga. Ta yi Biyetnam, ta karɓi A-6, ta tare a kan Midway, kuma daga 1973 ta bi shi zuwa tashar Yokosuka a Japan, inda Midway ya zauna har 1991. A 1996 aka sake mata suna VFA-115, ta koma tuƙa jiragen sama samfurin Hornet, shekara ɗaya kafin a yi wa A-6 ritaya baki ɗaya. Lamba ta sauya, jirage sun sauya, mutane sun mutu wasu sun zo, amma su a wurinsu gida ɗaya ne, suna ƙirga kakanninsu kamar masu sarauta.

Ya nuna mana yadda jirgi ke tashi a filin da bai isa gudu ba. Wata majajjawa ce mai aiki da tururi ke fizgarsa, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ya bar doron. Sauka ta fi ban tsoro. Akwai ƙugiya a bindin jirgin da za ta cafki igiyar ƙarfe da aka gitta, kuma da tayoyi sun taɓa ƙasa matuƙi ƙara wuta yake yi har ƙarshe, don in ƙugiyar ta kuskure ya sami ƙarfin sake tashi. Saboda ƙara ba a jin magana, launin riga ke faɗin aikin mutum: rawaya mai ba da hannu, ja mai ɗora makamai, shunayya mai zuba mai.

Sai ya faɗi abin da ya sa na yi tsit. Shekaru da yawa laƙabin rundunar nan "Larabawa" ne, sai a ƙarshen shekarun 1970 suka koma kiran kansu da sunan gaggafa. Kuma ita ce, ranar 17 ga Janairu 1991, tana cikin waɗanda suka tashi daga kan wannan doron da nake tsaye, a Tekun Fasha, suka nufi Iraƙi. Ina sakandare lokacin. Na tuna yadda muke kewaye rediyo bayan magariba, da hotunan Saddam a jikin motocin haya, da jariran unguwarmu da aka raɗa wa sunansa. Na gaya wa dattijon haka, ban rage komai ba. Ya yi shiru, ya cire hularsa ya mayar, sannan ya ce shi addu'arsa kullum yaran da ya gyara wa jirgi su dawo da rai, kuma duk sun dawo. Na yarda da gaskiyarsa. Amma na zagaya na karanta alluna da yawa, waɗanda bam ɗin ya sauka a kansu ban ci karo da ƙidayarsu ba, kuma wannan ya bi ni har gida.

Labari ɗaya ya sanyaya mini zuciya. A ƙarshen Afrilun 1975, ana kwashe mutane daga Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu a lokacin, wani manjo ɗan Biyetnam ta Kudu, Buang-Ly, ya zo yana shawagi a saman Midway a ɗan ƙaramin jirgi da matarsa da 'ya'ya biyar, mai na ƙarewa. Ya jefo takarda yana roƙon a ba shi wuri. Kwamandan Midway, Lawrence Chambers, baƙar fata na farko da ya jagoranci irin wannan jirgi a Amurka, ya sa aka tura jirage masu saukar ungulu cikin teku don a buɗe fili. Mutum bakwai suka sauka lafiya. Ɗan wana ya ce, "Baffa, ka ga namu ne ya yi wannan." Na daɗe ina kallon hoton.

A shagon tsaraba hula dala ashirin da biyar, kuma ba a tayi. Na ajiye musu abarsu.

Da yamma muka je unguwar City Heights, inda Somaliyawa suke da yawa. Muka yi salla, muka ci shinkafa da naman akuya, da ayaba a gefe. Mai gidan abincin da ya ji daga Najeriya nake, ya ƙi karɓar kuɗin shayi, har bakin ƙofa ya rako mu. Jirgin dare ya mayar da mu Los Angeles, bayan kwana biyu na kamo hanya.

Jiya na je gidan marigayi kawuna, wanda ya yi yaƙin Laberiya a rundunar ECOMOG. Na tambayi Gwaggo sunan bataliyarsu, ta ce ita dai ta san ya tafi ya dawo da ɗingishi. Ta ce akwatinsa na ƙarfe yana nan ƙarƙashin gado, in zo ranar Juma'a mu buɗe.