Ka Fito Daga Cikin Motar

Ranar Talatar da ta gabata, wajen ƙarfe biyar da rabi na yamma, na bi ta gefen filin wasan unguwarmu da ke yammacin birnin Melbon na ƙasar Ostireliya, sai na hango motar ƙanen wani abokina a fake ƙarƙashin fitila. Yana ciki ya rufe gilashi saboda sanyin watan Yuni, ya duƙufa a kan wayarsa, alhali 'yarsa mai shekara tara tana tsakiyar fili tana koyon cafe ƙwallo, jifa-jifa tana waiwayen motar. Na ƙwanƙwasa masa gilashi muka gaisa, na tambaye shi abin da ya hana shi tsayawa tare da sauran iyaye. Ya ce, "Kawu, ai na biya kuɗin rajista, kuma ni wasan nan nasu ban ma gane kansa ba." Tun daga ranar maganar take cina, domin da bakina na taɓa faɗinta, kuma na ga abin da ta haifa.

Lokacin da muka zo Ostireliya babban ɗana yana da shekara bakwai. Bai yi wata uku a makaranta ba ya dawo yana roƙon a sa shi a Auskick, wato shirin da ake koya wa ƙananan yara wasan da mutanen nan suke kira futi. Ni da na tashi a kan ƙwallon ƙafa, sai na ga abin kamar hargitsi: ƙwallo mai siffar ƙwai, fili shi ma haka, mutum 18 a kowane ɓangare, ana bugu da ƙafa ana naushi da hannu, ga turaku huɗu a kowane ƙarshen fili, wanda ya zura tsakanin na tsakiya ya ci maki 6, wanda ya kauce gefe ya ci 1. Ban damu in san cewa a wannan birni aka rubuta dokokinsa tun 1859 ba, balle in gane cewa yaron da bai san futi ba a Melbon bare ne a filin makaranta. Na dai biya kuɗi, na saya masa takalmi, da ya ƙara girma ya koma kulob ɗin yara na unguwa.

Shekara biyar ina kai shi, kuma ban tuna na tsaya a bakin fili fiye da sau goma ba. Kowane farkon kaka sai matar da take kula da harkokin ƙungiyarsu ta aiko da jadawalin aikin iyaye, domin in ban da alƙalin wasa da ake ba ɗan ihsani, kusan kowa a wurin aikin sa kai yake yi. Wani ya riƙe agogo, wani ya tsaya bayan turaku da fararen tutoci, wani ya kai wa yara ruwa, wata ta yanko lemo, wata ta kwashe riguna ta wanko, wasu su tsaya a kantin kulob suna sayar da shayi da gasasshen nama don a samu kuɗin sayen ƙwallo. Wannan ai gayya ce, irin wadda na tashi na tarar ana yi a gonar kakana, amma idona bai gan ta ba saboda ta zo da baƙar riga. Duk lokacin da sunana ya fito sai in ce ina da aiki.

Ba kuma ƙarya nake yi ba. Aikin dare nake yi a wancan lokacin, ranar Lahadi da safe da ake wasa ita ce kaɗai ranar barcina, kuma ita ce ranar Islamiyya. A kantin akwai naman alade, a ɗakin taron manya ana shan giya bayan wasa, kuma har yau ban ga laifina ba da na ƙi zama a wurin. Sai dai riƙe agogo ba shi da alaƙa da giya. Akwai shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar hunturu, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, sai kocinsu, wani mai gyaran famfo, ya zo da dabino a aljihu don yarona ya sha ruwa kafin a fara atisaye. Yaron ne ya ba ni labari a mota. Ban sauka na gode wa mutumin ba.

Abin da ya raba mu da kulob ɗin ya faru yana da shekara 12. A wani wasa, yaro daga ƙungiyar da suka kara da ita ya zage shi da launin fatarsa. Na fusata, kuma duk uban da ya ga ɗansa yana haɗiye kuka zai fusata. Kulob ɗinmu ya shigar da ƙara a hukumance, domin tun 1995 AFL, babbar hukumar wasan futi, take da doka a kan irin wannan zagi, bayan ƙorafin da Michael Long, wani ɗan wasa daga cikin mutanen asalin ƙasar, ya kai. Kocin ya zo har ƙofar gidana. Na ce masa ɗana ya gama da wasansu. Na ɗauka mutuncinsa na kare, ashe na raba shi ne da mutum ashirin da suka tsaya masa saboda mutum ɗaya da ya zage shi. A shekarun nan ne Majak Daw, haifaffen Sudan da ya fara buga wa North Melbourne a 2013, yake haskakawa, ga Bachar Houli, Musulmi mai salla da azumi a bayyane, wanda daga baya ya ci kofi da Richmond a 2017 da 2019 da 2020. Hotunansu ne a bangon ɗakin ɗana, ni kuwa ban taɓa tambayarsa su wane ne ba.

Talata da Alhamis da yamma suka zama ba shi da wurin zuwa, sai tashar jirgin ƙasa da bakin manyan kantuna, daidai lokacin da jaridu da wasu 'yan siyasa suke ta cece-kuce a kan matasa baƙaƙen fata a Melbon. Sau biyu 'yan sanda suka tsayar da shi bai yi komai ba. Allah ya tsare, ya kammala makaranta, amma abokan wasansa da yawa ta hannun iyayen kulob suka samu gurbin koyon aikin lantarki da kafinta, shi kuwa ya yi shekara yana neman wanda zai tsaya masa. Da aka yi wa mahaifiyarsa tiyata, shekara biyu bayan mun bar su, matar nan mai jadawali ta zo da abincin kwana uku, ta kuma nuna mini cewa a shagon halal ta sayo kazar.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, sai na ga ba su kai ba. Ka fito daga cikin motar. Ka karɓi aiki ɗaya a jadawali, ko da ɗaukar ruwa ne, ka san sunan kocin ɗanka, domin zumunta a ƙafa take. Abin da yake ba ni haushi da ku matasan yanzu shi ne ba ku da uzurin da nake da shi: kun fi ni Turanci, kun fi ni hutu, tun 2017 mata ma suke da gasarsu ta ƙwararru har 'ya'yanku mata suna da abin koyi, amma sai ku zauna awa guda kuna kallon bidiyon mutanen da ba su san da zamanku ba.

Kada kuma ka sakar wa kulob tarbiyyar ɗanka. Idan wasa ya ci karo da Islamiyya, karatu ne gaba, ban canza ra'ayi a kan wannan ba. Amma na ga iyayen da suka mayar da karatun zuwa Asabar aka zauna lafiya, kuma da na nema da na samu. Idan an zagi ɗanka kada ka yi shiru, kada kuma ka cire shi sai ka tambaye shi abin da yake so, domin ni ban tambaya ba.

Jiya Alhamis na koma filin. Motar tana nan a wurinta, gilashi a rufe. Na wuce ta na je wurin wata mata da take riƙe da takardar jadawali, na ce ta rubuta sunana a kan agogo ranar Lahadi, sannan na dawo na buɗe ƙofar motar na ce masa ya zo ya nuna mini 'yar tasa.