Jiaozi da naman kaza, don Hajiya

Shekara uku na yi a Beijing ina karatu, kuma a shekarar farko ko ɗanɗana jiaozi ban yi ba, saboda yawancin wanda ake sayarwa naman alade ne a cikinsa. Sai da wata dattijuwa musulma 'yar ƙabilar Hui, maƙwabciyarmu, ta kira ni gidanta a jajibirin sabuwar shekarar Sinawa. A daren ne mutanen arewacin ƙasar ke zama, babba da yaro, suna naɗa shi a kan tebur ɗaya. Fulawa ce ake murzawa fale-fale kamar tafin hannun yaro, a zuba haɗin nama a tsakiya, a rufe baki, a dafa. Ita da naman rago ta yi. Na zauna gefenta ina kallon yatsunta har dare ya raba.

Ban sake tunawa da shi ba sai da na dawo Kano na tarar likita ya hana Hajiya soye-soye da yawan gishiri, saboda hawan jini. Mace ce mai son samosa, sai ga shi an bar ta da dafaffen abu salam. Tana ci ne don dole, kuma abin yana ci min rai. Nan na tuna akwai abin da ake cusa wa nama kamar samosa, amma ba ya shiga mai.

Na farko bai yi kyau ba. Tsokar ƙirjin kaza na sa, don na ji an ce ita ce ba kitse, sai haɗin ya fito a bushe yana maƙalewa a wuya. Kabejin kuma na zuba shi yadda na yanka, ya saki ruwa tun kafin in gama naɗi, fulawar ta jiƙe, rabinsu suka fashe a tukunya. Hajiya ta ci biyu ta ce, "Allah ya yi miki albarka," ta ture farantin.

Daga baya na gane duka matsalolin biyu na ruwa ne. Ganye ake cire wa ruwa, nama kuma ruwa ake ba shi. Yanzu idan na yanka kabeji ƙanana, kamar giram 200, sai in barbaɗa gishiri kaɗan, in bar shi minti goma sha biyar, in ɗauraye gishirin, in sa a tsumma mai tsabta in matse iya ƙarfina. Naman kuma cinya nake saye, giram 300, in cire fata da ƙashi, in daddatsa da wuƙa. Injin niƙa yana mai da shi kamar kunu, ba na so. Sai in daka ɗanyar citta in jiƙa a rabin kofin shayi na ruwa, in riƙa zuba ruwan cokali-cokali ina juyawa gefe ɗaya kawai, ba na komawa baya, har naman ya shanye ya fara danƙo. Wannan juyin na gani a hannun dattijuwar nan, lokacin ban san amfaninsa ba. Bayan haka sai lawashi, tafarnuwa, masoro, ƙaramin cokali na man riɗi, da cokali ɗaya na sos ɗin waken suya. Shi ma gishiri ne zalla, don haka ba na ƙara wani, dunƙulen ɗanɗano kuwa ba ya shiga sam. Kabejin ne na ƙarshe.

Kwaɓin ba wuya. Fulawa giram 300, ruwa mililita 150, a murza har ya yi sumul, a rufe ya huta rabin awa. Kada a tsallake hutun nan, in ba haka ba kina murzawa yana tsukewa. Yana ba ni guda talatin da ɗoriya. Da kwalba nake murzawa, bakin ya fi tsakiyar siranta, don tsakiyar ce ke ɗaukar nauyin nama. Naɗin ado na Sinawa har yau ban ƙware ba, ninkewa nake kamar rabin wata in danne bakin sosai.

A madambaci nake turarawa, in shimfiɗa ganyen kabeji a ƙasa don kada su kama, minti goma sha biyu bayan ruwa ya tafasa. Kullum sai na fasa guda ɗaya na duba, domin kaza ba a wasa da dahuwarta. Abin dangwale kuwa lemon tsami ne da citta da ɗan attaruhu.

Ranar da na kai mata na uku, bayan la'asar ne, tana kan darduma. Ta gutsura ɗaya, romo ya zubo mata a yatsa, ta tsotse. Ta cinye shida ba ta ce komai ba, sannan ta ɗago ta ce, "Ke 'yar nan, akwai saura a tukunyar? Ki ajiye wa Malam nasa, ni kuma ƙaro min biyu."