Daga Yamai zuwa Tekun Ƙanƙara: Yadda Ake Awon Zurfi a Svalbard

Daga Yamai na bi ta Faransa zuwa Tromso a arewacin Norway, inda na shiga jirgin awon teku muka nufi tsibiran Svalbard, digiri 78 arewa. Lokacin zafinsu ne, rana ba ta faɗuwa, don haka da agogo na riƙa tsayar da lokutan salla.

Abokan aikina masu awon kogin Isa, na'urar awon zurfi a can ita ce dai wadda kuka sani: tana aika sauti ƙasa, ta lissafa lokacin dawowarsa. Sai dai ruwan ya bambanta. An saba ɗaukar gudun sauti a teku mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, amma a ruwan da ya kusa daskarewa bai wuce kimanin 1,450 ba. In ka bar lissafin farko, zurfin mita 300 zai fito maka 310, ka rubuta wa matuƙan gobe ruwan da babu shi. Ga kuma ruwan daɗi da ke narkowa daga ƙanƙarar tsaunuka, yana kwanciya bisa ruwan gishiri yana karkatar da sautin. Shi ya sa muke tsayawa a kai a kai, mu zura na'urar auna sanyi da gishiri har ƙasa, mu gyara lissafi. A ganina, awon da aka yi ba tare da wannan ba, bai cancanci shiga taswira ba.

Kamfas na maganaɗisu ba abin dogaro ba ne a can. Taswirar ƙanƙara tana zuwa daga Tromso, tana nuna kashi nawa cikin goma na fuskar ruwa ya rufe, amma iska kan sake shirin cikin sa'o'i.

Manyan duwatsun ƙanƙara rada, na'urar da ke hango abu daga nesa, tana ganinsu. Abin tsoro shi ne gutsattsarin da ba su kai mita ɗaya bisa ruwa ba, kamar dorina da ta fito da hanci kawai, sauran jikin yana ƙasa. Dole a rage gudu, a sa mutum gadi da ido, musamman cikin hazo.

Ƙanƙarar da ta farfashe ta zama ɓarɓashi kuma takan toshe mashigar ruwan sanyaya inji, inji ya ɗau zafi. Maganinta shi ne a mayar da ruwan ɗumin da ya fito daga injin cikin mashigar. Feshin da ya daskare bisa jirgi yana ƙara masa nauyi ta sama, ya sa shi tangaɗi. Da guduma ta katako muke farfasa shi, don ta ƙarfe tana lalata fenti da wayoyi.