Harsashin da ya rage a ciki

Shekarar 2016 ce, ina ma'aikacin jinya da sojojinmu a Mora, arewacin Kamaru, lokacin da 'yan Boko Haram ke binne nakiya a hanyoyin yankin Mayo-Sava kamar masu shuka gyaɗa. Wata mota ta taka ɗaya wajen Kolofata, aka kawo mana mutum uku. Biyu mun gama da su lafiya. Na ukun ne har gobe nake tunawa.

Yaro ne, cinyarsa na ambaliyar jini, ƙarar fashewar ta gigita shi, ya ƙanƙame Kalashnikov ɗinsa a ƙirji. Duk wanda hankalinsa ya gushe, a karɓe makaminsa kafin komai, wannan ko sabon shiga ya sani. Na karɓe. Na zare gidan harsashi, mai cin 30 ɗin nan, na jingine bindigar jikin gado, na koma ɗaure cinya.

Abin da ban yi ba, jan ƙarfen ɗana bindigar da baya a fitar da harsashin da ya riga ya hau. Aikin daƙiƙa biyu.

Wani direba ya zo kawar da bindigar daga hanya, yatsa a kan kunama. Sai tau! Harsashin ya huda akwatin magani, tazarar taki ɗaya daga kan abokin aikina da ke tsugune. Ledar ruwan ƙarin jiki ta fashe tana ɗiga a takalmina, ni kuwa ko motsi na kasa.

Shef ɗinmu, wato shugabanmu, bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ƙanena, wa ya gaya maka cire gida shi ne sauke bindiga?"

Direban na da nasa laifin, amma ni na ajiye ta, ni kuma na sa kowa ya ɗauka babu komai a cikinta.

Tun ranar, makami ba ya ƙetare ƙofar ɗakin jinyata. A waje ake sauke shi, baki na kallon buhun yashi: gida tukuna, sannan a ja, in leƙa ramin da harsashi ke hawa da idona. Kafin almakashi ya taɓa rigar majinyaci sai na laluba aljifansa, don an sha samun gurneti a ciki. Matasan da nake koyarwa yanzu a Marwa suna cewa na cika naci. Akwatin nan mai huda yana nan, shi nake fara ɗora musu a kan tebur.