Ɗigon ruwa ya hana ni liƙi kwana biyu

'Yan uwa masu koyo, yau dai soket ɗin nan, wato ɗan guntun da ke haɗa bakin fayif ɗin ruwa biyu, ya kama! Jiya kuwa da takaici na fito daga ramin.

Fayif ɗin jan ƙarfe ne mai milimita 22, ya daɗe a binne. Na yanke inda ya huje, na goge baki da sanfefa har koren nan ya fita, na shafa man liƙi. Da na kai wayar liƙi, wadda ake narkarwa ta cike mahaɗin, sai ta dunƙule ta faɗo ƙasa, ta ƙi shiga. Na ƙara wuta, man ya ƙone ya yi baƙi ƙirin. Soket biyu da gwangwanin gas guda suka tafi a banza, abin ya ci min rai ƙwarai.

Ashe ruwa ne. Na rufe babban famfo, amma fayif ɗin da ke ƙasa shi ne mafi gangare a layin, duk abin da ya rage a sama nan yake tsiyayowa, ɗis, ɗis. Wayar kuza marar dalma sai zafi ya kai wajen digiri 230 take narkewa, ruwa kuma a 100 yake tafasa. Muddin akwai danshi a ciki, wutarka tururi kawai take dafawa, kuma tururin ya huda liƙin ya bar ƙofa kamar bakin allura.

Da safe na buɗe duk famfunan gidan iska ta shiga, na zura siririn tiyo na zuƙe ruwan da ya kwanta. Ɗigon bai daina ba. Sai na cusa tsakiyar burodi can ciki da sanda, ban da ɓawon. Da na raina wannan dabara, wallahi tana aiki. 'Yan mintuna take ba ka, sun kuwa isa. Na dafa jikin soket ɗin, na taɓa waya ta bayansa, sai ga shi ya zuƙe ta da kansa ta zagaye baki tas. Daɗin da na ji ba ya misaltuwa.

Na goge ragowar man da tsumma mai laima, don in ya zauna a ƙasa cin jan ƙarfe yake yi. Burodin ya fita ta famfon waje. Ramin yana nan a buɗe har gobe, in na ga wurin a bushe zan naɗe fayif ɗin in fara zuba yashi mai laushi.