Shagon da ban buɗe ba a Kumasi

Na ajiye aiki ina da shekara 50, na tattara ɗan abin da na tara na koma Kumasi ta ƙasar Ghana, garinsu maiɗakina. Niyyata in kama shago in riƙa sayar da shadda da atamfa. Har na biya kafin alƙalami, surukina ya zaunar da ni ya ce, "Malam, ka karanta dokar zuba jari ta 2013 kuwa?"

Ashe yarjejeniyar ECOWAS ta ba ni damar shiga Ghana ba biza na kwana 90, amma zaman kasuwa da talla da shagon aski duk na 'yan ƙasa ne. A lokacin, baƙon da ke son saye da sayarwa sai ya ajiye jarin dala miliyan 1, ya kuma ɗauki 'yan Ghana 20 aiki. Daren nan barci bai ɗauke ni ba.

Abin da ya cece ni, dokar ta sassauta wa masu fitar da kaya waje. Yanzu man kaɗanya nake sarowa daga matan karkarar Tamale, in aika wa masu haɗa sabulu. Ribar ba yawa, amma hankalina a kwance yake, alhamdulillahi.