Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kowace Gaisuwa da Amsarta

A makon jiya na tsaya ne a inda aka ba ni ɗaki a Madinatul Bu'us da ke unguwar Abbasiyya, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje. Yau kuma ga yadda bakina ya buɗe a Alƙahira.

Na baro Zariya da Larabcin zaure: nahawu da sarafu, da i'irabi, wato feɗe jimla kalma-kalma, wanda ba na shakkar yinsa a gaban kowane malami. Amma abin da ake yi a titi daban ne. Bamasare kan mayar da jim ta koma "ga", ƙaf kuma ya haɗiye ta sai hamza kawai za ka ji. In ka yi masa fusha, wato Larabcin littafi, zai fahimce ka, har ya girmama ka da "ya maulana", sai dai hirar ba ta nisa. Za a sallame ka cikin mutunci, ka tafi kana nan a baƙonka.

Wani ɗan Gombe da ya riga ni zuwa shi ya ɗora ni a hanya. Ya ce, "Malam, ka bar i'irabi sai a aji. Fara da gaisuwa, kuma kada ka riƙe wata ba tare da amsarta ba." Ya sa na sayi ƙaramin littafi na ja layi a tsakiyar kowane shafi, abin da ake faɗa a dama, amsarsa a hagu. "Sabahul khair" na samun "sabahun nur", wanda ya ji daɗin ganinka kuwa ya ce "sabahul full", wato safiya mai ƙamshin fure. Ka fito daga wurin aski ko wanka a ce maka "na'iman", ka ce "Allah yin'im alaik". Ka dawo daga tafiya a tare ka da "hamdilla alas salama", ka mayar da "Allah yisallimak". Duk wanda ya tashi a gidan da ake tambayar kwana da gajiya da iyali kafin a shiga zance ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tarbiyyar da muka taso da ita ce, harshe ne kawai ya canza.

Sauran na tsince su a hanya. "Lau samaht" kafin ka roƙi abu, "hadritak" ga babba ko jami'i, "ya usɗa" ga direba, "ala gamb" in za ka sauka daga ƙaramar bas. Sai "ma'alesh", wato a yi haƙuri, wadda ke kashe rigima tun ba ta tashi ba.

Amma makarantata ta gaskiya keken wani dattijo ne mai sayar da ful, dafaffen waken da mutanen Masar ke karya kumallo da shi. Ammu nake ce masa, kamar yadda kowa ke kiran dattijo. Yana da doguwar tukunya mai siririn wuya a jingine bisa wuta, da ludayi mai dogon hannu da yake zurawa ciki, ya kwaso waken ya zuba mai da gishiri da lemun tsami, ya miƙo maka da gurasar da suke kira aish baladi. Shi ya koya mini cewa in na ci na ji daɗi in ce "tislam idak", Allah ya kiyaye hannunka, shi kuma ya ce "bil hana wash shifa". In na miƙa kuɗi yakan ce "khalli", wai in bar shi. Ɗan Gomben ya riga ya gaya mini karamci ne na baki, ka yi godiya ka biya. Wasu 'yan uwanmu na kiran wannan munafunci, ni ban yarda ba. Mutumin da ke neman na abinci da wannan keken, amma yake jin nauyin karɓar kuɗinka ba tare da ya yi maka tayi ba, kunya ce ke gare shi, kuma kunya ba abin rainawa ba ce.

Cikin sanyin watan Janairu sai na iske wurinsa wayam. Mai shagon da ke kusa ya ce matarsa ce ta rasu, za a yi zaman makoki bayan magariba. Na koma ɗaki na sami ɗan Gomben, ya faɗa mini abin da ake cewa, na rubuta, na yi ta maimaitawa a hanya.

An tare layin da wata babbar rumfa ta jan yadi mai zane-zane, an jera kujeru, mai ƙira'a na zaune a sama yana karatu, ana zagayawa da baƙin gahawa marar sukari. 'Yan uwan mamaciyar na tsaye a jere a bakin shiga. Da na iso gaban Ammu na kama hannunsa na ce, "Albaƙa'u lillah, ya Ammu. Shidd helak." Dawwama ta Allah ce, ka daure. Ya ɗago ya dube ni, idonsa jawur, ya ce, "Ish shidda alallah, ya ibni." Bai saki hannuna nan da nan ba. Na zauna har mai karatu ya kai aya, sannan na tashi tare da jama'a, domin haka ake yi, ba a fita ana tsakiyar karatu. A bakin fita ya ce, "Shakarallahu sa'ayakum," na amsa, "Azzamallahu ajrakum."

Tun daga ranar bai ƙara ce mini maulana ba, sai ibni, ɗana. Da azumi ya kama kuwa ya aiko yaronsa har ƙofar masauki, wai lallai in je gida mu sha ruwa tare. Labarin wannan buɗa-bakin, da yadda na fara zama a cikin iyalin Misirawa, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.